Wuta a Lewes, Keken Zinariya a Landan

Lewes, wanda masu shi ke faɗin sunansa Luwis, shi ne gari na farko da na ga yana roƙon baƙi kada su zo bikinsa na wuta. Tun ana saura kwanaki hukuma take ta yayata sanarwa cewa ranar 5 ga Nuwamba, in kai ba ɗan gari ba ne, ka yi zamanka a gida. Da yamma ta yi jiragen ƙasa suke daina tsayawa a tashar garin sai washegari, hanyoyin mota kuma a datse su. Ba rowa ba ce. Mutanen garin duka-duka ba su fi dubu 17 ba, titunansa ƙuntatattu ne masu hawa da gangara, ga shi kuma a daren nan dubun-dubatar 'yan kallo ne suke tuɗaɗowa, kowa yana son ya tsaya kusa da wuta.

A ƙarshen 2024 ne wurin aikinmu ya tura ni Brighton, a gaɓar tekun kudancin Ingila, wani gajeren kwas na goge Turanci. Malamarmu ta ɗora mana aiki: kowa zai miƙe gaban aji ya ba da labarin babban bikin garinsu. Ta ce amma mun taki sa'a, domin makon da muke ciki shi ne makon da Ingila ta fi fitowa titi, saboda haka kafin mu faɗi namu mu je mu ji yadda su suke faɗin nasu.

Matar da na sauka a gidanta tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ta yi ta fama da ni in riƙa kiran ta da sunanta tsagwaro, bakina ya ƙi, daga ƙarshe muka daidaita a kan Mama. Ita ce ta warware mini matsalar jirgi. Ƙaninta mazaunin Lewes ne, ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin wutar garin, ya ce in zo da wuri in kwana a kan doguwar kujerar falonsa. Daga Brighton tafiyar ba ta wuce ta rubu'in awa ba.

Na sauka bayan azahar, na tarar da gari yana shirin yaƙi. Masu shaguna suna ta buga katako a kan gilasan tagoginsu. Ana kafa shingayen ƙarfe. Sama ta yi toka-toka, ba rana ba ruwa, yadda ta yi ta wuni a duk makon. Ranar Talata ce, kuma ba hutu ba ce. Ingila ranakun hutun gwamnati 8 kacal gare ta a shekara, wannan ba ta ciki. Mutum zai wuni a ofis ko a makaranta, ya dawo ya sa rigar 'yan fasa-ƙwaurin zamanin da, ya ɗauki sandar wuta.

Dattijon, wanda shi ma na maƙala masa Baba, ya zaunar da ni a kicin ya haɗa shayi. Na shirya tambayoyina tsaf irin na ɗalibi: mene ne ma'anar bikin, me yake nuni da shi. Bai amsa ko ɗaya ba. Sai ya janye kwanon sukari gefe, ya ce wannan shi ne dutsen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a saman gangaren makaranta. Cokali ya zama kogin Ouse. Kofina ya zama zauren majalisar gari. Da yatsa ya riƙa bi: daga nan muke tasowa, mu hau nan mu ajiye furanni, mu gangaro gada, mu koma, mu haɗu da sauran ƙungiyoyi a babban jerin gwano, sannan kowa ya kama hanyar filinsa a bayan gari. Duk inda yatsan ya tsaya sai labari ya fito da kansa.

A gaban kofina, wato inda zauren majalisa yake a yau, da can masaukin baƙi ne mai alamar tauraro. A ƙofarsa aka ƙone mutum 17 'yan Furotesta da ransu tsakanin 1555 da 1557, zamanin Sarauniya Mary, wadda ta so ta mayar da ƙasar ɗariƙar Katolika. Goma daga cikinsu rana ɗaya aka ƙone su. Wannan ciwo ɗaya ke nan. Na biyun shi ne wanda duk Ingila take tunawa a wannan dare: a 1605 wasu 'yan Katolika ƙarƙashin Robert Catesby suka jibge gangar albarushi 36 a ɗakin ƙasa na majalisar dattawa a Landan, da nufin su tashi Sarki James da manyan ƙasa gaba ɗaya ranar buɗe majalisa. Wata wasiƙa marar sa hannu ta tona asiri, aka kama Guy Fawkes yana gadin gangunan. Ba shi ne shugaba ba, amma shi aka kama dumu-dumu, shi ya sa har yau mutum-mutuminsa ake cinna wa wuta. Majalisa ta kafa dokar da ta wajabta yin godiya a coci kowace 5 ga Nuwamba, ba a soke ta ba sai 1859. A Lewes kuwa abin ya riƙa rikiɗewa zuwa tarzoma, har a 1847 aka kawo 'yan sanda daga Landan. Da samarin garin suka ga za a raba su da darensu, sai suka kafa ƙungiyoyi a 1853 don su tsare kansu da kansu. Yanzu bakwai ne, shida suke fita a wannan dare.

Na lura da yadda yake magana, domin abin da aka aiko ni ke nan. Bai taɓa cewa bikin yana da kyau ba. Da na tambaye shi ko akwai haɗari, cewa ya yi wani lokaci akan ɗan ji ɗumi. Da na ce akwai ƙara, ya ce ba za a kira wurin shiru ba. Sai ya miƙo mini robar toshe kunne, ya kuma ce in tuɓe rigar sanyina ta leda in sa wata tsohuwar rigar ulu tasa, domin leda narkewa take yi a jikin mutum. Baturen Ingila in ya ce maka abu ɗan kaɗan ne, to ka ɗaure ɗamara.

Duhu yana yi da wuri a wannan lokaci, kafin ƙarfe 5 an yi magariba. Na yi salla a falo, na fito na sami gurbi a jikin wani bango kusa da gada.

Abin da ya fara zuwa wari ne, warin kananzir da kwalta. Sai kiɗan badujala. Sannan titin ya cika da wuta daga wannan bango zuwa wancan. Ɗaruruwan mutane, bibbiyu ko uku-uku, kowa da sanda mai tsumma a kai tana ci, sanye da rigunan saƙi masu ratsi-ratsi, kowace ƙungiya da launinta, da farin wando da jar hula. A tsakiyarsu akwai masu shigar mayaƙan da, da masu shigar fadawan sarakunan Tudor na ƙarni na 16, da 'yan zuhudu. Zafin yana dukan fuska sosai, tartsatsi yana zuba a kafaɗa. Wata yarinya da ba ta fi shekara 7 ba ta wuce ta gabana riƙe da tata sandar, fuskar nan a murtuke, ta ɗauki aikin da muhimmanci fiye da kowa. Bayanta uwarta ce tana tura keken jariri, jaririn an ɗaura masa manyan marufan kunne, yana ta sharar barcinsa. Can baya wasu suna jan rabin ganga mai taya suna tsince sandunan da aka yar, gangar tana ci bal-bal tana ƙara a kan duwatsun titi. Lokaci-lokaci wani zai saki nokawut a ƙasa, irin wanda manoma suke korar tsuntsaye da shi, ƙarar ta daki ƙirji. A kan gada aka jefa gangar kwalta mai ci a cikin kogi, jama'a suka kaure da sowa.

Sai ga gicciye 17 suna tafe, kowanne yana ci da wuta, ɗaya a madadin kowane mutum da aka ƙone. Ba a daɗe ba kuma ga ƙyallen da ke cewa ba a son mulkin Fafaroma, ga mutum-mutumin Fafaroma Paul na Biyar, wanda yake kan kujera a 1605, ana jan sa zuwa inda za a tarwatsa shi.

A nan ne raina ya ƙi kwanciya. Ni mutumin Kano ne. Na san abin da hayaƙi a titi da sunan addini yake nufi, ba a littafi na karanta ba. Washegari da safe na faɗa wa Baba haka, da iyakar ladabin da Turancina ya iya ɗauka. Ya ce matarsa marigayiya 'yar Katolika ce, kuma ita take ɗinka masa kayan shiga. Ya ce wancan Fafaroman ake ƙonawa, ba na yanzu ba, kuma kowace shekara ana haɗa shi da manyan mutum-mutumai na firaminista ko shugaban wata ƙasa ko duk wanda ya ɓata wa gari rai, a cusa musu albarushi a tashe su. Na yarda da shi rabi. Gaba ce mai shekara 400 da aka sa wa takunkumi, aka ba ta lasisi da masu tsaro da motar asibiti a gefe. Ta zama wasa ne saboda ba wanda yake jin tsoronta kuma. Tun 1829 aka buɗe wa 'yan Katolika ƙofar majalisa. Amma a Ireland ta Arewa, cikin ƙasar nan ɗaya, a shekarun 1990 an yi ta ba-ta-kashi a kan ta wane titi jerin gwanon 'yan Furotesta zai bi. Da na ambaci wannan sai ya gyaɗa kai, ya ce can daban ne, ya tambaye ni ko in ƙara shayi. Haka suke rufe magana.

Abin da ba zan hana su ba shi ne tsari. Bayan ƙarfe 9 na bi taro zuwa fili a bayan gari, inda aka tara itace tsayin gidan sama aka banka masa wuta. Wasu mutane cikin shigar limaman coci suka hau dandamali suna wa'azin da ba wanda yake ji, jama'a suna ta jifan su da nokawut, su kuma sun dake. Duk wannan hauka da agogo ake yin ta. Doka ta hana harba tartsatsin wuta bayan 11 na dare a duk shekara, amma a wannan dare an ɗaga zuwa 12, a daren sabuwar shekara da na Diwali na 'yan Indiya da na sabuwar shekarar Sinawa kuwa zuwa ƙarfe 1. Da asuba na leƙa titi, an share shi. Ni kuwa na koma Brighton ina ƙauri kamar wanda ya kwana a tukubar mai tsire, Mama ta karɓi rigar ƙaninta da yatsu biyu ta wuce da ita injin wanki.

Ita Mama ba ta damu da Lewes ba. Abin da take kewa shi ne zamanin ƙuruciyarta, lokacin da yara suke cusa tsofaffin jaridu a tsohon wando su yi mutum-mutumi, su tura shi a baro suna roƙon kwabo, a gasa dankali a toka a bayan gida. Ta ce yanzu Halloween ta Amurka ta cinye wannan, ranar 31 ga Oktoba yara suna bin gidaje neman alawa. Duk tsohon da na taɓa yi wa maganar biki, a ko'ina, sai ya ce na da ya fi.

Ranar Asabar 9 ga wata na hau jirgin safe zuwa Landan. Ɗan yayata da ke karatu a can ya tare ni a tasha, ya ce, "Kawu, mu yi sauri, in ba mu kama wuri kusa da cocin St Paul ba sai dai mu ga ƙeyar mutane."

A hanya ya warware mini wani ruɗani. Landan magajin gari biyu gare ta. Akwai Sadiq Khan, wanda muka saba ji a rediyo, Musulmi ɗan direban bas, da jama'a suka zaɓa tun 2016. Kujerarsa ma a shekarar 2000 aka ƙirƙire ta. Akwai kuma na tsohon birni, ɗan yankin nan mai faɗin murabba'in mil ɗaya inda bankuna suke, wanda yake da majalisarsa da 'yan sandansa. Ya nuna mini hular wani ɗan sanda: ratsinta ja da fari ne, ba baƙi da fari irin na sauran Landan ba. Wannan magajin garin shekara ɗaya yake yi, 'yan ƙungiyoyin sana'a ne suke tsayar da shi a ƙarshen Satumba. Na shekarar 2024, Alastair King, shi ne na 696.

Hawansa kuwa ga asalinsa. A 1215 Sarki John, yana neman goyon bayan attajiran birni, ya ba su izinin zaɓen shugabansu, da sharaɗin duk wanda aka zaɓa sai ya taso takanas ya zo ya yi mubaya'a ga sarauta. Tafiyar mubaya'ar nan ce ta zama biki. An daɗe ana yin ta a kan kogin Thames cikin jiragen ruwa na alfarma, daga baya ta dawo tudu. Yau daga gidan magajin gari take tasowa da ƙarfe 11, ta tsaya a ƙofar coci a sa masa albarka, ta zarce babbar kotu inda zai yi rantsuwa gaban alƙalai, sannan ta komo ta bakin kogi. Ɗan yayata yana gama faɗa na ce, "Ai hawa ne wannan." Ya ce, "Hawa ne, Kawu, sai dai mai hawan ba ya kan doki."

Gaskiyarsa. Ana ba da labarin cewa a farkon ƙarni na 18 wani magajin gari ya rikito daga kan doki a tsakiyar taro ya karye a ƙafa, daga nan suka koma keke. Na yi dariya har wata mata a gefena ta waiwayo.

Jerin gwanon dogo ne ƙwarai, kuma gaskiya wani sashensa ya gundure ni: motocin bankuna da na kamfanoni, ma'aikata cikin riguna iri ɗaya suna ɗaga hannu ba ƙarfi. Abin da ya ja hankalina ƙungiyoyin sana'a ne, waɗanda sun haura 100. Masu sayar da yadi, masu kifi, maƙeran zinariya, mahauta, kowa da tutarsa da alkyabbarsa mai gashi a wuya, kuma akwai jerin fifiko da ba a tsallakewa. Wanda ya san Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai su sun ci gaba da buɗe ƙofa, har direbobin tasi da masu aikin kwamfuta sun sami tasu. Aka wuce da wasu ƙartai biyu da aka saƙa da itacen kwando, Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju, wai masu tsaron birni. Jin sunan kawai ya sa na ce a'uzu billahi, ɗan yayata ya ƙyalƙyale.

Can ƙarshe sai ga masu dogayen māsu da bindigogin da, cikin jajayen kaya da hulunan ƙarfe, suna takawa a hankali, sannan keken. An ƙera shi a 1757, nauyinsa ya kusa tan 3, dawaki 6 manya-manya masu gashi a kofato suke jan sa. Zinariya ce ko'ina, da sassaƙe-sassaƙe da zane a jikin ƙofofi, yana tafe yana rangaji a kan maɗaurin fata. Magajin garin ya zuro rabin jikinsa ta taga yana kaɗa hula mai gashin jimina, yana dariya, ba wani kwarjini. Ba kirari, ba mai faɗuwa gaisuwa. Wani yaro a kafaɗar ubansa ya tambaya ko sarki ne, uban ya ce a'a, wani mutum ne daga banki ko makamancin haka.

A duk makon kusan kowa yana da jan fure na takarda a ƙirji, na tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙe tun daga na 1914 zuwa 1918. Washegari Lahadi Sarki Charles ya ajiye furanni a Whitehall, titin ofisoshin gwamnati a Landan, jakadun ƙasashen renon Ingila suka bi baya, har da namu. A talabijin na kalla. Na tuna tsofaffin unguwarmu 'yan Boma, waɗanda aka kwasa zuwa dajin Bama a yaƙin duniya na biyu. Mama ba ta taɓa jin cewa an kai 'yan Afirka ta Yamma can ba, ta ce in sake faɗa mata a hankali.

Litinin aka shiga aji, kowane tsuntsu ya yi kukan gidansu. Yawancinmu hanya ɗaya muka ɗauko: bikin yana da kyau sosai, akwai launuka, akwai mutane da yawa, akwai abinci, kowa yana murna. Bayan mutum na uku malama ta ɗaga hannu ta ce in ta rufe ido ba za ta iya bambance Burazil da Turkiyya ba. Ta ce mu rage yabo mu ƙara aiki: wa yake yin me, a ina, da ƙarfe nawa. Ta kuma tuna mana cewa abin da ake yi duk shekara ana faɗin sa ne da sigar yau da kullum, abin da ya faru da kai sau ɗaya kuma da sigar da ta shige, kada a cakuɗa. Wani saurayi daga Valencia ta Sifaniya ya gane nan take. Ya ce a garinsu ana shekara ana gina manyan mutum-mutumai, daren 19 ga Maris a ƙone su ƙurmus, kuma kullum da ƙarfe 2 na rana tun farkon watan ana taruwa a dandalin majalisar gari don a ji ƙarar albarushi kawai, ba don a ga komai ba. Wata 'yar Japan ta ce bikin Gion na Kyoto ya faro ne a 869 don roƙon sauƙin annoba, kuma manyan amalanken da ake ja ranar 17 ga Yuli igiya ce take riƙe da su, ba ƙusa.

Da aka zo kaina sai na ari dabarar Baba. Na ɗauki alƙalami na zana da'ira a allo na ce ganuwa ce. A tsakiya na sa Gidan Rumfa, na ce tun ƙarni na 15 sarki yake zaune a nan. Na ce ranar farko sarki yana fitowa a ƙasa, cikin fararen kaya, zuwa filin Idi na Ƙofar Mata. Wannan gaisuwar ta Ubangiji ce, shi ya sa ba ya hawa sai an idar. Rana ta biyu da yamma yana zuwa Babban Ɗaki gaishe da mahaifiyarsa. Da na faɗi wannan sai na ga ajin ya motsa, 'yar Burazil ta ce in maimaita: dubban dawaki don mutum ya je gaishe da uwarsa? Na ce ƙwarai. Daga nan ya dawo Ƙofar Kudu, inda hakimai suke zuwa ayari-ayari su saki dawaki a guje su nufo shi, sai sun zo dab su ja linzami, ƙura ta turnuƙe, su ɗaga hannu a dunƙule. Ban tsaya neman suna ba, na tura kujera gefe na kwatanta da jikina, har da tirjiyar.

Sai na ja layi ya fita daga da'irar. Na ce rana ta uku sarki yana fita bayan ganuwa zuwa Nassarawa, ya gaisa da gwamna, ya ratsa Sabon Gari ya ga baƙi mazauna birni. Na dubi malama na ce wannan layin kakanninki ne suka ja shi: bayan sun ci Kano a 1903, Razdan ne yake zaune a can, sarki yake zuwa wurinsa. Na ce jiya-jiya na ga magajin garinku yana tafiya mubaya'a saboda sharaɗin wani sarki na 1215, to mu ma muna da tamu tafiyar da wani mai ƙarfi ya shimfiɗa, mai ƙarfin ya tafi, hanyar tana nan. Ta ɗan yi ja, ta ce kakarta tana da hoton Sarauniya Elizabeth a Najeriya. Na ce 1956 ke nan, a Kaduna aka tara mata sarakunan Arewa da dawakansu.

Tambayoyin da suka biyo baya ba su ne na zata ba. Ɗan Valencia, wanda a garinsu kowace unguwa karo-karo take yi, so yake ya san wa yake biya. Na ce kowane hakimi da gidansa, kuma doki ba ranar salla kaɗai yake cin dawa da harawa ba. Ga sirdi, ga jalala, ga rigunan yara, akwai gidan da yake shiga bashi don kada a ce ayarinsu ya rame. 'Yar Burazil ta ce mata suna hawa? Na ce hawan na maza ne, mata suna kan soraye da bakin titi, kuma guɗarsu tana cikin abin da yake sa doki rawa. Ba ta gamsu ba, ban kuma yi ƙoƙarin gamsar da ita ba. Wani Baturke ya tambayi ƙarar da ake ji, na ce kakaki da algaita da tambari, da 'yan bindiga masu ɗura albarushi ta baki, waɗanda in suka saki wuta mutanen Lewes ma sai sun toshe kunne.

Malama ce ta yi tambaya ta ƙarshe. Ta buɗe kalandar wayarta ta ce in ba ta rana. Na ce ba ni da ita. Na bayyana mata cewa lissafin wata muke bi, kowace shekara salla tana matsowa da kusan kwana 11, kuma ko a daren ƙarshe sai an jira sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Mutanen da suka san ranar hawan magajin garinsu na shekara goma masu zuwa, wannan ya ɗaure musu kai. Ta ce to yaya ake sayen tikitin jirgi? Na ce ki sayi wanda ake iya sauya wa rana, ki nufi ƙarshen Maris, kuma kafin ki biya ki tambaye ni ko za a yi, domin a babbar sallar bana ba a hau ba, an dakatar saboda rikicin sarauta.

Ina dawowa gida, cikin Disamba, UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan Kano a jerin al'adun duniya da ake taskancewa. Na tura mata labarin, ta amsa cewa ta fara duba farashin jirage. Azumi ya zo ya wuce, aka ga wata, aka yi salla ranar 30 ga Maris na 2025. A wannan karon ma an hana hawan.